Kwalejin Zaytuna ta Amurka: me ya raba ta da sauran ƙananan makarantun addini?

 

Duk shekara in watan Oktoba ya ƙarato, lokacin komawa lakwal, tambaya guda ce ke cika mana waya a nan gidan rediyo: ina za mu kai yaro? Uba na son ɗansa ya san Ubangijinsa, ya iya tsarki da salla, ya san halal da haram. Uwa na son ya fito da takardar da zai ci abinci da ita. Kuma kowa cikinsu da gaskiyarsa.

Kwanan baya wani ɗan uwa da ke zaune a Amurka ya turo mana saƙon murya ta WhatsApp. Ɗiyarsa ta kusa gama lise a can, an ba shi labarin wata ƴar ƙaramar makarantar Musulmi mai suna Zaytuna, yana so mu yi bayaninta da Hausa don tsofaffinsa na ƙauye su ji irin wurin da ake tunanin kai jikanyarsu. To, shi ne muka ce bari mu baje ta a faifai, don abin da ya raba wannan makaranta da takwarorinta ya taɓa tambayar da mu ma muke fama da ita a nan gida.

Mu fara gyara kalma

A nan Nijar in aka ce kwaleji, kowa ya san makarantar da yaro ke shiga ce bayan firamare, daga sizyam zuwa turwaziyam, ya yi jarabawar BEPC. A Amurka ba haka abin yake ba. Can kwaleji makaranta ce ta gaba da Bak, inda ake shekara 4 a fito da digirin farko, kwatankwacin lisansi tamu, sai dai tamu shekara 3 ce. Ke nan in kun ji mun ce Kwalejin Zaytuna, ƙaramar jami'a muke nufi. Kuma mai zaman kanta ce, wato ba ta gwamnati ba ce. Jama'a ne suka kafa ta, su ne kuma ke riƙe da ita.

Inda take da waɗanda suka kafa ta

Tana garin Berkeley cikin jihar Kalifoniya, can yammacin Amurka, kusa da birnin San Francisco. A wannan gari akwai wata ƙatuwar jami'ar gwamnati mai ɗalibai sama da dubu 40. Ita kuwa Zaytuna da gommai ake ƙirga ɗalibanta. Ajinta na farko, wanda ya fara karatu a 2010, mutum 15 ne kacal, maza da mata.

Mutum uku ake dangantawa da kafa ta. Na farko Shehu Hamza Yusuf, Bature ɗan Amurka da aka haifa a 1958, ya musulunta a 1977 yana saurayi. Na biyu Imam Zaid Shakir, baƙar fata ɗan Amurka, shi ma musulunta ya yi, ya je Siriya ya yi karatu. Masu son dambe za su tuna shi ne ya ja sallar jana'izar Muhammad Ali a 2016. Na uku Dokta Hatem Bazian, ɗan asalin Falasɗinu, malami a waccan babbar jami'a ta Berkeley.

Abin bai fara a matsayin kwaleji ba. A 1996 Hamza Yusuf da wani abokinsa suka buɗe wata cibiya a garin Hayward, kusa da Berkeley, inda ake karantar da Larabci da ilimin addini ga duk mai so, kusan irin zauren malam. Sai a 2009 aka mai da ita kwaleji. Ɗaliban farko suka gama a 2014. A 2015 hukumar tantance manyan makarantu ta yammacin Amurka, wadda ake kira WASC, ta amince da ita, ta zama kwalejin Musulmi ta farko a duk faɗin ƙasar da ta samu wannan amincewa. A 2017 ta sayi harabar wata tsohuwar makarantar horar da limaman coci a kan tudun Berkeley, a 2018 kuma ta buɗe karatun digiri na biyu kan littattafan Musulunci.

Sunan nata daga itacen zaitun ne, kuma yana tuna wa mai saurare da Masallacin Zaituna na birnin Tunis, ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren karatu na arewacin Afirka, wanda ya haura shekara dubu.

Igiyar da ta haɗa ta da Sahel

Nan ne labarin ya matso kusa da gida. Bayan Hamza Yusuf ya musulunta, ya yi yawon neman ilimi a ƙasashen Larabawa da arewacin Afirka, amma wurin da ya fi yi masa tasiri shi ne Muritaniya. Can ya zauna gaban wani dattijon malami, Murabit al-Hajj, a yankin Tagant, cikin daji nesa da birni. Malamin ya rasu a 2018 yana da shekara sama da 100. Irin waɗannan makarantu a can mahadara ake ce musu. Ɗalibi na rubuta darasi a allo, ya haddace, ya zo gaban malam ya biya, malam ya warware masa kalma bayan kalma, kuma ba ya wucewa gaba sai wannan ya zauna masa. Littafi ɗaya ake ɗauka daga bango zuwa bango kafin a taɓa wani.

Duk wanda ya taɓa durƙusawa a zauren malam a Damagaram ko Tasawa ko Madawa ya san wannan tsari. Littattafan ma dangin juna ne, don su ma mutanen Muritaniya Malikawa ne kamar mu. Ahalari, Risala, Muhtasar, da Ajuruma da Alfiyya a fannin nahawu, duk ana karanta su can kamar yadda ake karanta su nan. Shi Hamza Yusuf har ya fassara littafin wani malamin Muritaniya, Muhammad Maulud, kan tsarkake zuciya, ya mai da shi Ingilishi.

Kun ji ke nan. Wani ɓangare na abin da ake yaba wa Zaytuna da shi a Amurka, irin karatun nan ne da wasunmu ke rainawa a nan, suna cewa na tsofaffi ne.

Su wane ne takwarorinta?

Makarantar addini mai zaman kanta ba baƙon abu ba ne a Amurka. Jami'ar Harvard da duniya ta sani, an kafa ta a 1636, kuma babban abin da ya sa aka kafa ta shi ne a samu limaman coci masu ilimi. Ƴan Katolika na da Georgetown tun 1789 da Notre Dame tun 1842. Yahudawa na da Jami'ar Yeshiva a New York. Bayan waɗannan manya, akwai ɗaruruwan ƙananan kwalejoji na ɗariku daban-daban na Kirista. Musulmi kuwa, da yawansu kusan kashi 1 cikin 100 ne na jama'ar ƙasar, sun makara a wannan fage.

In ka duba irin waɗannan makarantu, galibi hanya biyu suke bi. Wasu, da tafiya ta yi tafiya, addinin ya koma suna kawai a allon bakin ƙofa. Akwai ɗakin ibada, akwai darasin addini ɗaya ko biyu, sauran karatun kuwa ba shi da bambanci da na jami'ar gwamnati. Wasu kuma sun tsaya kan horar da limamai zalla: a haddace, a koyi hukunci, a fita a riƙe masallaci ko coci. Da yawa cikin makarantun Musulmi masu wannan tsari, takardarsu ba ta shigar da ɗalibi wata jami'a.

Zaytuna ta ƙi bin ko ɗaya cikin hanyoyin biyu. Wadda ma ta fi kama da ita a tsari ta ƴan Katolika ce, Kwalejin Thomas Aquinas, ita ma a Kalifoniya, da aka buɗe a 1971, inda kowane ɗalibi ke bin manhaja ɗaya daga manyan littattafan magabata. To, bari mu ɗauki bambance-bambancen ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: manhaja ɗaya ga kowa

A yawancin kwalejojin Amurka ɗalibi ne ke zaɓar darussansa kamar mai cefane a kasuwa, ya ɗauki wannan ya bar wancan. A Zaytuna digirin farko ɗaya ne, kowa shi yake yi, kuma ƴan aji ɗaya tare suke tafiya daga shekarar farko har ta huɗu. Cikin manhajar akwai Larabci, ilimin Alƙur'ani, hadisi, tarihin Manzon Allah (SAW), tauhidi, fiƙihu da usulu. Cikinta kuma akwai lissafin awo, ilimin taurari, falsafar mutanen dā irin su Aflatun da Aristo, tarihi, siyasa, tattalin arziki da tsarin mulkin Amurka. Duka a jadawali guda suke, kuma duka sai ka ci su kafin a ba ka digiri.

Mu da muka yi lakwal a nan mun san ɗaya tsarin. Da asuba muna gaban malam da allo, ƙarfe takwas muna gaban mushe da kaye. Malam bai san abin da mushe ke koya mana ba, mushe bai san abin da malam ke koya mana ba, wani lokaci ma kowa na kallon ɗan uwansa a karkace. Yaro sai ya tashi da kai biyu. In tambaya ta taso masa tsakanin darasin kimiyya da abin da ya ji a zaure, ba shi da wanda zai kai wa ita. Ko ya haɗiye ta, ko ya kai ta inda bai kamata ba.

Ƙoƙarin da Zaytuna ke yi shi ne irin wannan tambaya ta samu mai amsa ta cikin aji, gaban malamin da ya san ɓangarorin biyu, ko malamai biyu da ke zama tebur ɗaya suna tsara karatun tare. A ganinmu, wannan shi ne babban abin da ya raba ta da takwarorinta. Sauran duka don su tallafe shi ne.

Na biyu: a wasa hauya kafin a shiga gona

Akwai fannoni uku da makarantar ta ɗauka su ne harsashi: nahawu, manɗiƙi da balaga. Nahawu don ɗalibi ya fahimci abin da aka faɗa daidai, kar ya ɗora wa magana abin da ba ta ce ba. Manɗiƙi, wato ƙa'idojin tunani, don ya rarrabe hujja mai ƙarfi da wadda ta yi kama da hujja kawai. Balaga don ya iya faɗin gaskiya yadda za ta shiga kunne ta zauna a zuci. Larabci kuwa dole ne a kan kowa, don a iya buɗe littafin asali a karanta, ba a dogara ga fassara kaɗai ba.

Wani zai ce ai manɗiƙi na Turawa ne. A'a, malam. Shi kansa mai Ahalari, Abdurrahman al-Ahdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, wanda yaranmu ke fara fiƙihu da ɗan littafinsa, shi ne ya rubuta wani sanannen littafin manɗiƙi a waƙe mai suna Sullam. Imam Gazali ma ya yi rubutu a wannan fanni. Abin yana cikin gadonmu, mun dai yi masa riƙon sakainar kashi. A wannan zamani da kowa ke shigo mana salula da bidiyon minti biyu yana yanke hukunci, yaron da ya iya auna hujja ya fi wuyar ruɗuwa, ko daga wane ɓangare ruɗin ya fito.

Na uku: ƙanƙanta da ke da amfani

Wanda ya taɓa zama a babban ɗakin lacca cikin ɗaruruwan ɗalibai, malam na can gaba da makirufo, ya san za ka iya shekara guda malam bai san sunanka ba. A aji na mutum goma sha wani abu ba wurin ɓuya. Littafi na gaban kowa, ana karantawa, ana tambaya, kowa sai ya buɗe baki. Malam ya san wanda ya yi nazari jiya da wanda ya kwana kan waya. Ya san wanda ke cikin damuwa. Wannan shi ne abin da zaure ke da shi wanda babbar jami'a ta rasa: ɗalibi na ɗaukar ladabi daga zaman malam da tashinsa, ba daga bakinsa kaɗai ba.

Bayan darussan aji, ana neman ɗalibi ya haddace wani yanki na Alƙur'ani, ya yi aikin taimakon jama'a, kuma a shekarar ƙarshe ya rubuta kundin bincike. Har da iyo, harbin baka da hawan doki ana koya musu, bisa abin da magabata suka kwaɗaitar. Mutanen Gobir da Damagaram da suka san hawan salla, ga jikokinku can a Kalifoniya ana koya musu riƙon linzami.

Na huɗu: takardar da hukuma ta yarda da ita

Wannan amincewa ta 2015 da muka ambata ba ƙaramin abu ba ne. Kafin hukumar ta sa hannu sai ta duba malamai da takardunsu, manhaja, ɗakin littattafai, yadda ake jarabawa, da yadda kuɗi ke shiga da fita. Aiki ne na shekaru, kuma lokaci-lokaci ana dawowa a sake dubawa. Amfaninsa shi ne wanda ya gama Zaytuna na iya neman gurbi a wata jami'a ya yi karatun lauya, ko digiri na biyu, ko na uku, kamar kowane ɗalibi.

Mu a nan mun san zafin rashin wannan. Ƴan uwanmu nawa ne suka shafe shekaru suna karatun Larabci a gida ko a waje, suka dawo da ilimi cike da ciki, amma da aka zo neman aiki aka ce takardarsu ba ta shiga? Ilimi na nan, ƙofa a rufe. Makarantar addini da ta yarda baƙo ya shigo ya duba littattafan kuɗinta da ajinta, ba ta rage wa addininta komai ba. Ta dai kare gumin ɗalibanta ne.

Na biyar: kuɗin karatu

Karatun gaba da Bak a Amurka akwai tsada ƙwarai. Ɗalibai da yawa bashi suke ci mai kuɗin ruwa, su shekara goma ko ashirin suna biya. Jimillar wannan bashi a ƙasar ta haura tiriliyan 1.5 na dalar Amurka, ba dalarmu ta nan mai tamma biyar ba. Ga Musulmin da ke gudun riba, wannan babban tarnaƙi ne. Zaytuna ta jingina ne kan gudummawa da zakkar Musulmi, kuma manufarta ita ce ɗalibi ya fita ba tare da irin wannan bashi a wuyansa ba. Abu ne mai kyau, sai dai makarantar da ke rayuwa da hannun jama'a, kullum sai ta riƙe amanar jama'ar.

Inda take da rauni

Ba za mu ce muku gwal ce zalla ba. Da farko, ba makarantar likita ko injiniya ko aikin gona ba ce. Wanda ke son waɗannan sai ya ƙara wani karatu bayan ya fita, ko ya nemi wata makaranta tun farko. Na biyu, guraben kaɗan ne, ana son Ingilishi mai ƙarfi, ga nisa, ga wahalar biza. Ga yaron da ke Dakwaro ko Magariya, ba ita ce amsar gobe da safe ba.

Na uku, ƙaramar makaranta kan rataya ne a wuyan waɗanda suka kafa ta. Musulmi da dama sun soki Hamza Yusuf kan kusancinsa da mahukuntan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da kuma shigarsa wani kwamiti na ma'aikatar harkokin wajen Amurka a 2019. In ana sukar mai gida, gidan ma na jin iska. Na huɗu, makarantar na da fahimtarta: bin mazhaba, tauhidi irin na Ash'ariyya da Maturidiyya, da ba tarbiyyar zuciya muhimmanci. Akwai Musulmin da suka yarda da wannan, akwai masu wata fahimta daban, kamar dai yadda yake a garuruwanmu. Ya kamata iyaye su sani tun kafin su sa hannu. Na ƙarshe, yarinya ce har yanzu. Ɗalibanta na farko a 2014 suka fita. Sai an ƙara shekaru za a ga irin inuwar da itacen zai yi.

To mu fa a nan gida?

Haɗa ilimin addini da na boko ba sabon tunani ba ne a Nijar. Tun 1957, kafin samun ƴancin kai, aka buɗe madarasa ta farko a garin Say, inda ake karatu da Faransanci da Larabci. Daga nan tsarin faranko-arab ya yaɗu. A 1974, a taron ƙasashen Musulmi na Lahore a Pakistan, aka yanke shawarar kafa jami'ar Musulunci a Nijar, aka buɗe ta a Say a 1986. Yau kuwa ba wani babban gari da za ka shiga ba ka ga allunan makarantun faranko-arab masu zaman kansu ba, da cibiyoyin gaba da Bak. Wasu na aiki tsakani da Allah, wasu kuwa kasuwa ce da rawani. Abin da muka gani a Zaytuna na iya zame mana ma'auni. Kafin ku biya kuɗin shekara, ku yi waɗannan tambayoyi.

Shin makarantar na da takardar izini daga ma'aikatar ilimi, kuma ɗalibanta na zama jarabawar BEPC da Bak ta ƙasa? In ta gaba da Bak ce, gwamnati ta san digirinta? Hukumar CAMES da ke Wagadugu, mai tantance digirorin ƙasashenmu, ta san da shi? Ku ce a nuna muku takarda, kar ku tsaya ga baki.

Malamin Larabci da na Faransanci, sun san juna? Suna zama tare su tsara karatu, ko makarantu biyu ne kawai ke haya a gida ɗaya?

Yara nawa ne a aji? Ku ambaci sunan wani yaro da kuka sani a ciki, ku ga ko malam zai iya faɗa muku halinsa da inda yake da rauni.

Su malaman, a ina suka yi karatu, gaban wa? Ana biyan su kan lokaci? Malamin da ke bin bashin wata uku, jikinsa ne ke aji, hankalinsa na kasuwa.

Ana koya wa yaro ya yi tambaya ya kawo hujja, ko hadda ce kawai? Ku sa shi ya karanta muku layi biyu na Larabci da biyu na Faransanci, ya faɗa muku ma'anarsu da Hausa. Ko ba ku yi lakwal ba, za ku gane wanda ya fahimta da wanda ke kame-kame.

Ina waɗanda suka gama shekara biyar da suka wuce? Me suke yi yanzu?

Sannan, in mai makarantar ya faɗi ko ya yi tafiya, wa zai riƙe ta? Akwai kwamiti da littafin kuɗi, ko komai na cikin aljihun mutum ɗaya? Mun sha ganin makarantar da ta watse kafin a yi sadakar arba'in ta mai ita.

Ku kuma ƴan uwa na ƙetare, na Legas da Abijan da Akara da Makka da Turai da Amurka, da ke turo kuɗin karatun ƙanne da ɗiya, kar hoton bene mai fenti da aka turo muku ta WhatsApp ya ishe ku. Ku aiki wani amintacce ya shiga aji ya zauna awa ɗaya, ya dawo ya faɗa muku abin da ya gani. Gumin ku ne, kuma rayuwar yaro ce.

Ga tsofaffin da aka ce mu yi wa bayani kuwa: Baba, Inna, wurin da ake tunanin kai jikanyarku ƙaramar makaranta ce inda za ta koyi Larabci da fiƙihu daga malaman da suka ɗauko karatu gaban malamai, ta koyi lissafi da tarihi da dokar ƙasar da take zaune, ta fito da takardar da hukuma ta sani. In burinta likita ne ko injiniya, akwai sauran tafiya a gaba, ku zauna da ita da iyayenta a yi shawara. Ku tambaye ta ita ma abin da take so, don ita ce za ta yi zaman shekara huɗun.

Wanda ke da makarantar da ya gwada a garinsu, ya ga alheri ko akasin haka, ya turo mana saƙo mu ji, ba sai ya ambaci sunan kowa ba. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya ba iyaye abin ɗaukar nauyi. Sai mun sake saduwa, mu kwana lafiya.